In saida fadamar gado in tahi Saudiyya? Ku ba ni shawara

Ɗan Fadama: Salamu alaikum 'yan uwa, an tashi lahiya. Shawara nika biɗa, kuma don Allah a hwaɗa min gaskiya ko ba daɗi. Shekara huɗu ke nan da nig gama HND a poli nan Birnin Kebbi, na yi bautar ƙasa na dawo, ba aiki, ina ɗan zama da POS bakin tasha, da rani kuma in shiga fadama wajen shinkahwa. To akwai wani ejan da abokina ya haɗa ni da shi, yac ce akwai aikin tuƙi Saudiyya, riyal 1,200 duk wata, ɗaki kyauta, kwantiragin shekara biyu, amma sai na kawo miliyan uku da rabi na biza da tikiti da komi. Ni ba ni da su, abin da gare ni shi na rabona na fadamar da baba ya bar muna wajen Bunza, an taya miliyan huɗu. Inna ba ta ce a'a ba, amma tun ran da nit tada maganar ba ta cin abinci yadda ta saba. Na buga lissahi, riyal 1,200 in an canza kusan dubu 480 ta, ni ko a POS watan da yay yi kyau dubu 60 nika tashi da ita. Mi kunka gani?

Sarkin Data: Dubu 480 a wata?? Ɗan Fadama turo min lambar ejan ɗin, ni ko raƙumi anka ba ni sai in tuƙa 😂

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Allah ya zaɓa mafi alheri. Bari Na Jidda ya shigo, shi ke cikin ruwan.

Na Jidda: Ga ni. Ƙanena ka yi haƙuri zan yi dogon rubutu, don irin lissafin nan naka shi na yi shekara shida da suka wuce a zaune kan benci a Jega, na ninka riyal da naira na ga kaina da gida da mota kafin in hau jirgi. Kuskuren shi ne kai da naira ka lissafa samu, alhali da riyal za ka ci abinci. Mu ɗauka riyal ₦400 yadda ka yi. Ɗaki kyauta ne, to, amma ka tambaya ku nawa ne a ciki, mu shida muka fara. Abinci ko kai ke dafawa ka haɗa tukunya da abokan ɗaki sai ka kashe 350 zuwa 400, don tun 2020 suka maida harajin saye kashi 15 cikin ɗari, komai ka ɗauka a kanti yana kai. Kati da data 100, in ba haka ba Inna ba za ta ji muryarka ba. Sabulu, aski, magani, ɗan shayi da burodi a hanya, wata 100. Ka ga saura 600, wato dubu 240. Yanzu raba miliyan uku da rabi da dubu 240, wata goma sha biyar ke nan kana tuƙi cikin zafin da ƙarfen sitiyari ke ƙona hannu kafin ka maida kuɗin gonarka kawai, kuma wannan fa in ba ka tura wa gida ko sisi ba, ba a yi biki ba, ba wanda ya kwanta asibiti, ba a tsallake maka albashi ba. Kwantiragin wata 24 ne. Saura wata tara su ne ribarka.

Kuma ban kawo maganar tarar laifin tuƙi ba. Titunan nan duk kyamara ce, Sahir suke ce mata, ba ɗan sanda balle ka ce ranka ya daɗe a yi haƙuri. Ka tsallake jar danja tara daga riyal 3,000 take farawa. Ka riƙe waya kana tuƙi 500 zuwa sama. Watana na uku na yi ta, mai gida ne ma ya kira ni yana faɗa wai na yi latti, na ɗaga, da dare saƙo ya shigo, ƙarshen wata ya zare abinsa daga albashi bai ko kalle ni ba.

Ɗan Fadama: Innalillahi. Yaya wallahi ejan bai hwaɗi ko ɗaya cikin waɗanga ba.

Na Jidda: Ba zai faɗa ba ai, shi da ke jiran miliyan uku da rabi. Tambaya biyu za ka yi masa. Ta farko, direban kamfani ne ko direban gida, wanda ake ce ma sawwag? Ba ɗaya ba ne ko kusa. Gyaran da suka yi a watan Maris 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar canza wurin aiki ko fita ƙasar ba sai kafili, wato wanda ya ɗauko ka aiki, ya yarda ba, bai shafi direban gida da 'yan aikin gida da makiyaya ba. In na gida ne, kai ne kai yara makaranta, kai ne kasuwa, kai ne wankin mota, wani lokaci ƙarfe ɗaya na dare a buga maka ƙofa wai uwar gida za ta gidan biki. In kuka saɓa ka bar gidan ya kai rahoton hurub, wato ka gudu, igamarka, wato katin izinin zama, ta zama takarda kawai, duk askar ɗin da ya tare ka sai gidan tsare baƙi na Shumaisi, a ɗauki yatsunka a sako ka jirgi. Ta biyu, me ake biya da miliyan uku da rabin? A dokarsu mai ɗaukar aiki shi ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci da igama da tikitin komawa. Ka ce ya ba ka lambar biza da hoton kwantiragi mai sunan kafili. In ya fara kame-kame ka san inda aka dosa.

Ɗan Kabi Asali: Ni dai wannan magana ta ishe ni. Kullum wanda ke waje shi ke cewa kada a zo, wahala ce, wahala ce. To in wahala ce mi ya hana ku dawowa? Na Jidda ba kai ne ka gina gida a Jega ba? Kun ci kun ƙoshi kuna hana yaro. A nan ɗin mi ke akwai? Tun da anka cire tallafin mai a 2023 injin ban ruwa ya koma cin kuɗi kamar mara lahiya, taki ya yi tsada, ka noma shinkahwa da ƙyar sannan a buɗe ƙofa a shigo da ta waje farashin shanshera ya faɗi, ka saida ba ka maida abin da ka zuba ba. A 2020 ruwa ya shanye fadamu muna kallo. Ga Lakurawa ta wajen Augie, ga 'yan bindiga ta ƙasar Zuru. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan dubu 75, shi ma sai ka samu aikin. Zama ma yana da nashi kuɗin, ku riƙa lissafa shi.

Na Jidda: Gida na gina, gaskiya ne, ɗaki biyu ciki da falo, ban shafe ba har yau, kuma a shekara ta biyar na aza tubalin farko. Kuma ni ban saida komai ba, kawuna ne da ya daɗe a nan ya samo min bizar kamfani. Ban ce kada ya zo ba Ɗan Kabi, ka sake karantawa.

Ɗan Kabi Asali: Duk ɗaya ne, kashe masa gwiwa kuka yi.

Shugaban Zaure: A yi a hankali don Allah, ba faɗa muka zo ba. Kowa ya kawo abin da ya sani.

Anti Nas: Ɗan Kabi tambayarka mai kyau ce kuma zan amsa tsakani da Allah, don ni ma a waje nake, Ingila, shekara ta huɗu. Me ya hana ni dawowa? Albashi na shigowa ranar da aka ce, wuta ba ta ɗaukewa, yarana na makarantar gwamnati ba na biyan ko kwabo, in dare ya yi ba na tunanin wa zai hauro katanga. Ba zan ɓoye wannan ba. Amma bari in buɗe maka jakata ka gani. Bayan an cire haraji da inshorar ƙasa da fansho, abin da ke shigo min bai wuce fam dubu biyu da 'yan kai ba. A gida in na faɗi haka sai a ninka da dubu biyu a ce Anti na cin miliyan huɗu a wata, shi ya sa wayata ba ta hutawa, wannan kuɗin makaranta, wancan kayan ɗaki, wata ma cewa ta yi in saya mata firiza tunda ni ba na jin kuɗi. Haya fam 900, gida mai ɗaki biyu, kuma ba Landan ba ce, can ko kusa ba zan iya ba. Harajin ƙaramar hukuma na gidan 140, ko haya kake sai ka biya. Gas da wuta lokacin sanyi suna kai 200, kuma ina kashe hita da zarar yara sun shiga bargo, ni in kwana da safa biyu da rigar sanyi. Ruwa, intanet, bas, abinci. Kafin maigidana ya samu aikin dare a sito, ran 20 ga wata asusuna ya koma sifili. Har yanzu ni da shi a bakin ƙofa muke gaisawa, yana shigowa ina fita, don kuɗin mai rainon yaro a nan ya isa ya cinye albashin mutum ɗaya, ba kaka ba gwaggo ba maƙwabciyar da za ka ce riƙe min shi in dawo. A bizarmu kuma an rubuta ba mu da haƙƙin tallafin gwamnati.

Abin da ba ya shiga lissafi kuma, a Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, ka fita da duhu ka dawo da duhu. Babanmu ya rasu ranar wata Talata da asuba, kafin azahar an kai shi, ni ina tsaye a ɗakin canza kaya na asibiti ina kallon makara ta bidiyo a wayar ƙanena, na share hawaye na koma na ci gaba da raba magani.

Maman Hanan: Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ɗan Kabi Asali: Amin. Anti ki yafe ni, ban san haka ba. Amma duk da haka kin fi mu.

Anti Nas: Ba komai ƙanena. Ta wani gefen na fi ku, ban musa ba. Amma ni da sana'a na tafi, na yi jarrabawar Turanci sau biyu kafin in ci, na yi ta ƙwarewa, asibitin da kansa ya ɗauke ni, ban ba ejan ko naira ɗaya ba. Tunda an zo nan bari in faɗa, duk wanda ya ce maka kawo miliyan goma ko sha biyar zai samo maka takardar aikin kula da tsofaffi a Ingila, ka riƙe kuɗinka. Tun Maris 2024 aka hana masu wannan bizar zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Tun kafin a rufe ma na ga waɗanda suka biya suka iso suka tarar kamfanin ba shi da aikin ba su, mace da digirinta tana kwana a kujerar falon mutane. Ta hanyar karatu kuma, tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na kwas ba ya zuwa da mata da yara, kuɗin lafiya kaɗai fam 776 ne duk shekara ana biya tun kafin a ba da biza, aiki kuma awa 20 a mako, ba zai biya haya da kuɗin makaranta ba. Da naira ta faɗi a 2023 da 2024 ɗalibai da yawa kuɗin da suka tara ya zama rabi suna zaune.

Sarkin Data: To ni Amurka za ni, akwai mai shagon kwamfuta da ke cike fom ɗin lotirin biza dubu goma.

Anti Nas: Ya ci dubu gomarka 😂 An cire Najeriya daga wannan lotirin sama da shekara goma.

Sarkin Data: Kai! Sau biyu na biya wallahi.

Mai Dawowa: Ni ban iya dogon rubutu ba. Wanda duk ke tunanin in jirgi ya gagara ya bi ta ƙasa ya ji nawa. Daga Kamba nit tashi, Gaya, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tawa, Agadas, Arlit, hat Tamanrasat. Ko wane shinge sai ka aje sefa. Na yi wata bakwai ina ɗaukar bulo a Aljeriya, muna kwana cikin ginin da muke yi, kuɗɗina na ɗinke cikin ƙugun wando. Wata asuba sunka zagaye mu, sunka karɓe waya da kuɗɗi, anka zuba mu mota kwana da kwanaki, sunka sauke mu cikin rairayi da dare sunka nuna muna wata 'yar wuta nesa sunka ce ga Asamaka can, garin Nijar na bakin iyaka. Kilomita sha biyar a ƙasa. Akwai wata mata da goyo da ɗan yaye, ni nid ɗaukar mata yaron a wuya. Na dawo Kamba da silifas ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗi. Babur ɗin da nis saida nit tahi, yanzu wanda yas saye shi shina kabu-kabu da shi gaban shagon da nike gadi.

Maman Hanan: Subhanallah. Wannan hanyar ce fa a 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Damagaram. Allah ya tsare.

Kawu Na Gwandu: Salamu alaikum yara, yanzu jikana ya karanta min abin da kuka yi tun sahe. Tahiya ba baƙuwa ba ta a ƙasag ga. Kakanninmu da jakkai sunka tai Gwanja biɗar goro, Kabawa sun bi ruwa hat tabkin Cadi wajen su, wasu sunka tahi hajji a ƙasa sunka zamna Sudan, zuriyarsu na Mai Wurno har yau. Babu mai hana yaro neman arziki. Amma bari in ba ku na gidanmu. Mahaihina ya yi shekara ashirin Kumasi, Zango, da rumhunai biyu da gida. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana tac ce baƙon da ba shi da takarda ya hita cikin kwana goma sha huɗu. Kwana goma sha huɗu! Ya saida abin da ya saidu da araha, sauran ya bari, munka dawo bisa buhunna cikin babbar mota, ina ɗan shekara tara. Abokainai da sunka saida gonakinsu na gida tun da daɗewa, kwana sunka riƙa yi zaurukkan mutane. Shi ko ƙanenai ya riƙe mai gonatai, damana na zakuwa yas shiga da kalme, da ita munka ci munka girma. Mu ma hwa mun yi ma mutanen Gana irin ta a 1983 zamanin Shagari, ba wai su ɗai ba na. Ƙasar wani, ran da yat tashi da ciwon kai kai ne magani. Ɗana in za ka tahi ka tahi, ni ba ni hana ka, amma fadama bakin gulbi wadda ake noma sau biyu a shekara, in kas saida ta miliyan huɗu bana, ka dawo da takwas ba a sayar ma ita. In ta kama dole ka ba da aro ko jingina, da shaidu da takarda.

Ɗan Kabi Asali: Kawu wannan kam na yarda. Ni dai abin da ban so shi ne a ce wa matashi ya zauna ya yi ta haƙuri yana kashe wando.

Anti Nas: Ba wanda ya ce ya zauna. Yana da HND, me ya karanta ma?

Ɗan Fadama: Lantarki Anti.

Na Jidda: Lantarki?! Ka karanta lantarki za ka saida gona ka zo wankin motar wani? Masu haɗa wuta da gyaran AC a nan sun fi direba samu nesa ba kusa ba, kuma bizar kamfani ce. Ka ɗauki shekara guda ka bi masu haɗa sola da AC ka iya aikin da hannunka, ba na takarda ba, ka samu shaidar wurin da ka yi aiki, ka ɗan koyi Larabcin kasuwa. Ko ba ka fita ba ma sola na ci a Kebbi yanzu, masu fadama da kansu suna komawa injin sola saboda tsadar mai. In ka tashi fita kuma kada ka sa rai da ɗauko mata da wuri, kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashin igamarka riyal 400 ne duk wata. Sannan ko wa ya ba ka saƙo a filin jirgi kada ka karɓa, ko ƙullin yaji ne, maganar ƙwaya a nan kai ake cirewa.

Ɗan Fadama: Jama'a na dawo. Na kira shi kamar yadda Yaya Na Jidda yac ce, nic ce ya turo lambar biza da kwantiragi. Da farko yac ce shina mitin. Da nis sake kira bayan la'asar sai yac ce wai bizar Umra za a hwara yi min, in na sauka akwai mutuminsu da zai juya ta ta koma ta aiki, haka kowa ka yi. Nic ce sunan kafilin hwa, yac ce in ban yarda da shi ba akwai mutum goma na jiran gurbin.

Na Jidda: Ba a juya bizar Umra ta zama ta aiki, babu wannan. Takari zai maida kai, ka ƙare kana ɓuya a lungunan Jidda, ba asibiti ba banki ba hayar ɗaki da sunanka, ka ji jiniya gabanka ya faɗi. Ba ka ba shi komai ba dai ko?

Ɗan Fadama: Shi na abin da ban hwaɗi ba tun sahe, kunya nika ji. Na ba shi dubu 300 na kamun gurbi, jarin POS ɗina na. Kuma fasfona na hannunai, wanda niy yi dubu ɗari kwanan nan.

Sarkin Data: Ashe ni da dubu ashirin ɗina mai sa'a ne 😭

Maman Hanan: Sarkin Data ka bari mana, ba lokacin wasa ba ne. Ɗan Fadama, Inna ta sani?

Ɗan Fadama: Ba ta sani ba. Abokin nan nawa ma da ya haɗa mu tun ɗazu wayatai a kashe.

Anti Nas: Fasfo tukuna, shi ya fi kuɗin. In ya ƙi bayarwa a kai maganar wajen 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, don ba kai kaɗai ba ne a hannunsa, ina tabbatar maka har da mata 'yan aikatau.

Kawu Na Gwandu: Ka san ohis nai ko gidansu?

Ɗan Fadama: Na san shagon da yake zama Kawu, na je sau biyu.

Kawu Na Gwandu: To gobe ƙarhe tara ka same ni tasha, za ni zo da ɗan ƙanena lauya. Kada ka kira shi ka ce muna tahe. Ka zo da rasit.

Ɗan Fadama: Babu rasit Kawu, ta waya nit tura, sai dai alat da hirarmu ta WhatsApp.

Kawu Na Gwandu: Sun isa. Kada ka goge ko ɗaya, kuma ka yi cajin wayar.